Kwalbar da ba ta da lamba: maganar asid salisilik da masu haɗin mai



Wata kalma ta shiga bakin masu saida man shafawa a WhatsApp da TikTok, ita ce salisilik. Wadda jiya ba ta wuce saida turare da humra ba, yau tana aiko vokal tana cewa: "Hajiya, haɗina akwai salisilik ciki, kwana bakwai ƙuraje sun tafi, sati biyu ki yi haske." A ɗaya gefen kuma ga masu tsoratarwa, sun ji an ce asid, sai suka yanke cewa ruwan batir ne ake shafa ma ɗiyanmu. Duka biyun sun ɓata zancen, amma faɗana yau da ta farkon ne, don ita ce ke amsar kuɗi.

Mu fara ba asid salisilik haƙƙinsa. Tsohon magani ne, sunansa ma daga sunan wani icce na ƙasar Turai aka ɗauko shi, wanda ake jiƙa ɓawonsa don zazzaɓi tun zamanin da. Ɗan uwan aspirin ne na jini, wanda kamfanin Bayer ya fara saidawa a 1899. A kan fata aikinsa ɗaya ne: yana sassauta matacciyar fatar sama ta saɓule, kuma da yake yana narkewa cikin maiƙo, yana iya kutsawa cikin ƙofofin fata ya buɗe waɗanda suka toshe. Shi ya sa yake taimakon ƙurajen fuska da amosanin kai, kuma lokotoro kan rubuta shi don kanta da tusar jaki. Man makero da aka daɗe ana badawa a likita, wanda ake kira Whitfield, akwai shi ciki kashi 3 cikin 100. Wanda ya ce guba ce tsantsa bai san abin ba.

Sai dai duk amfanin nan a kan awo yake tsaye. A Amurka, maganin ƙuraje da ake saya ba takardar likita, daga rabin kashi ɗaya ne zuwa kashi 2 cikin 100. Tarayyar Turai ta yarda da kashi 3 a sabulun wanke gashi da ake ɗaurayewa, kashi 2 a mafi yawan sauran kayan, amma man da ake shafe jiki duka da shi rabin kashi ɗaya kawai ta yarda, kuma ta ce kada a sa shi a kayan shafar yaran da ba su kai shekara 3 ba. Maganin tusar jaki ya kai kashi 17, filastar kanta har kashi 40, amma waɗannan a ɗan gurbin da bai wuce ƙwayar wake ba ake ɗiga su, don aikinsu cin fata ne. Na saɓule fuska, kashi 20 zuwa 30, likitan fata ne ke shafa shi da hannunsa, yana tsaye yana duba fuskar har a gama.

To Hajiya mai haɗi, naki kashi nawa ne?

Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba. Ta sayi gari a leda ko ruwa a jarka, wanda ya biyo ta Kano ko Kwatano, ta auna da cokalin shayi, ta zuba a roba ta dama da man da ta ga dama, ta ɗura a kwalba ta manna hoton wata balarabiya. Ba lamba, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ba sunan wanda za a kama in fuska ta ƙone. Haɗin yau da na jibi ba ɗaya ba ne, don cokalin yau ya cika ya yi tozo, na jibi bai cika ba. Tuwo ma in aka yi masa irin wanga awo, maigida sai ya yi magana.

Kuma ƙaryar da ta fi ba ni haushi ita ce ta haske. Asid salisilik ba ya canza launin da Allah ya halicci mutum da shi. In matacciyar fata ta saɓule, fuska kan yi sheƙi na ɗan lokaci, shi ke nan. In kika ga kwalba ta mai da baƙa fara cikin sati biyu, to akwai wani abu ciki da ba a faɗa miki ba: ko hidirokinon, wanda Turai ta hana a man shafawa tun 2001, ko sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ko kuma irin magungunan nan masu ƙarfi na kotizon da likita ke rubutawa don ciwon fata na ƴan kwanaki. Nan ne salisilik ke zama abokin ɓarna. Shi ke buɗe ƙofa, su kuma su shige. Ai da gangan masu yin magani ke haɗa shi da betametazon a wasu mayukan farmasi, don maganin ya ratsa fata mai kauri. Likita na yin haka a kan tabo ɗaya na ƴan kwanaki. Mai haɗi tana sa a yi shi tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, wata da watanni. Ƙarshenta fata ta yi laushi kamar ledar ruwa, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsaga cinya da hammata, rauni kaɗan ya ƙi warkewa.

Ku tuna kuma da inda muke. Turawan da suka yanka rabin kashi ɗaya ba su san zafin watan Afrilu na Tawa ba. Fatar da aka kankare ta saɓule, aka fito da ita rana tsaka a kan kabu-kabu, ƙonewa take. Baƙar fata kuwa in ta ƙone ko ta yi kumburi, baƙin tabo take bari, wanda kan ɗauki watanni bai gushe ba. Yarinya ta sayi kwalba jika uku don ta rabu da ƙuraje biyar, ta samu kumatu biyu baƙi ƙirin. Ta koma wurin mai haɗi, a ce mata "ai dattin ne ke fita, ƙara na biyu, wanga ya fi ƙarfi." Ciniki ya yi daɗi.

Akwai abin da ya fi tabo. Fata tana sha. In aka shafe jiki duka da mai ƙarfi, musamman a kan fatar da ta riga ta tsage, ko aka rufe da leda wai don ya kama, maganin na shiga jini kamar an haɗiyi aspirin fiye da ƙima. Alamunsa ƙara a kunne, juwa, amai, numfashi da sauri-sauri, har ruɗewa. A wurinmu wa zai ce mai ne? Sai a ce masassara ce, ko a ce iska. Jariri ya fi kowa shiga haɗari, don fatarsa siririya ce kuma tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa. Uwar da ke lakato nata haɗin ta goga ma jinjiri wai don kada ya yi duhu, ta ji tsoron Allah. Mai ciwon sukari ma kada ya manna filastar kanta a ƙafa ba da sanin likita ba, don ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, sai ta ci rami bai sani ba. Wanda aspirin ba ya karɓarsa ya nisance shi. Mai ciki ta nuna ma ungozoma kwalbar kafin ta shafa.

Na san abin da za a ce: mata ne ke nema, ba a tilasta kowa ba, kuma sana'a ce, da zaman banza gara ita. Ban ƙi sana'a ba. Mai saida man kaɗe sana'a take, mai ƙunshi da dilka sana'a take. Amma wanda ya dama maganin da ke cin fata ba awo ya saida, ya shiga aikin farmasi ba karatu. Batun nema kuwa, mu maza mu daina wanke hannu. Wa ke cewa a samo masa fara? Wace uwar ango ce ke leƙa fuskar amarya ta ce ba a gyara ta ba? Ana saura sati uku biki a kai yarinya gyaran jiki, a saɓule ta kamar an fiɗe akuya, kowa na guɗa.

Hukuma ma tana da tambayar da za ta amsa. Kodibuwa ta hana mayukan bilicin tun 2015. Mu nan muna da LANSPEX a Yamai, ɗakin binciken da aikinsa ke nan gwada magunguna da abinci. Me zai hana a bi kasuwar Dole da babbar kasuwar Maraɗi da Wadata, a ɗebi kwalaben nan marasa suna a gwada, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci, kowa ya ji abin da yake shafawa? Masu haɗin ba ɓoye suke ba, lambar wayarsu na jikin kowane bidiyo.

Kafin ranar nan ta zo, mai ƙurajen fuska da ke son gwada shi ta je farmasi ta gaskiya, ba faranti a bakin tasha ba. Ta juya kwalbar ta nemi inda aka rubuta acide salicylique ko salicylic acid, ta ga lambar da ke gefensa ba ta wuce 2% ba. Ta fara da ɗan wuri, kwana ɗaya ta shafa kwana ɗaya ta huta, a fuska kaɗai, nesa da ido da leɓe, ta kare kanta daga rana, kuma ta ba shi sati shida zuwa takwas, don ba ya aikin kwana bakwai. In fata ta yi ja, tana raɗaɗi ko tana tsagewa, ta tsaya. Wadda kuma ta daɗe tana shafa haɗi mai sa haske, kada ta yanke rana ɗaya, don in akwai kotizon ciki fuskar na iya tashi da ƙuraje da ƙaiƙayi fiye da da. Ta ɗauki kwalbar a jaka ta kai ma likita ya gani, shi zai tsara mata yadda za ta rage.