Ƙugiyar Ado Da Ƙugiyar Su

'Yan'uwana malamai, da ku ɗalibai masu shirin fita koyarwa, ina so in kawo muku ƙarar kaina a kan wani maki da na bayar a darasin aikin hannu, don na lura ba ni kaɗai ke irin wannan kuskure ba.

Ni malami ne a wata firamare a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Wata rana na ga hoton wata irin ƙugiya da Turawa ke su da ita. Ba a soka mata tana. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare har ta yi kama da ƙwaro, a wurga bisa ruwa, kifi ya taso ya cafke. Abin ya ba ni sha'awa, na ce wa 'yan aji 6 kowa ya ɗauro tasa.

Wani yaro ya kawo tasa, kai, sai ka ce amarya! Ga alharini ja da kore, ga gashi shuɗi yana ƙyalli. Na ba shi 9 bisa 10. Wani kuma, ɗan masunta, ya kawo wata 'yar mummuna, gashin zabo biyu da zaren buhu, an ɗaure tamau. Na ba shi 4. Bai ce kome ba. Ran Asabar sai ga ubansa ya yi sallama. Da muka gaisa ya ce, "Malam, a gafarce ni, ko an jiƙa su kafin a ba da makin?" Na ce a'a. Ya ce in ba damuwa in ɗauko duka biyu mu tafi madatsar ruwa ta Gubi, inda yake su.

Jifa uku amarya ta sha ta tuɓe. Ashe da ƙaro aka liƙa gashin, ruwa ya narke shi, ƙugiya ta fito tsirara. Mummunar kuwa har la'asar tana nan daram, ta ma kamo 'yar karfasa guda. Amma kada in yi muku ƙarya, tanar da dattijon ya soka ita ta cika ƙwarya. Kifinmu bai yi karatun Ingila ba.

Abin da ya fi damuna sai daga baya na ji shi. Wannan shuɗin gashi, tsuntsu yaron ya harbe da danƙo ya fige, don ya san abin da idon malam ke so.

Kada ku ce wautar yara ce, manya sun yi wadda ta fi ta. A Ingila, tun zamanin Sarauniya Victoria, masu ɗaura ƙugiyar kifin salmon suka shiga gasar ado, sai gashin tsuntsayen ƙasashe masu nisa. Wani George Kelson ya buga littafi a kan haka a 1895, har yau akwai masu bin fasalinsa, da yawansu kuwa ba su su. In sun gama sai su sa ƙugiyar cikin gilashi su rataye a bango. A 2009 wani saurayi Ba'amurke, Edwin Rist, gwanin wannan ɗauri, ya fasa gidan adana tsuntsaye na garin Tring ya kwashe fatu 299, ya riƙa sayar wa 'yan'uwansa gashin. Waɗansu fatun sun haura shekara 100 a ajiye don masana. Duk don ƙugiyar da ba za ta ga ruwa ba.

Wani zai ce, to Malam, ado laifi ne? Ko kusa. A ƙasar Sikotilan an yi wata mata, Megan Boyd, wadda ta rasu a 2001. Ita ba ta su, amma masunta ke neman ƙugiyarta, don ga kyau ga ƙarko. Watau kyan nata bisa aiki ya hau. Mu ma mun san haka. A bikin su na Argungu, wanda aka fara a 1934, dubban mutane ke faɗawa Matan Fada da gora da homa, kifin da suka fito da shi ake ɗorawa a sikeli. Mai goran da ya sha zane in ya fito hannu biyu, ya tafi gida. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mu malamai mu muke juya abin. Ranar nuna aikin hannu mu jera faifai da tsintsiya da tabarmar da ba wanda zai zauna a kai, baƙi su yaba, a tafa. Har yara sun gane mu, waɗansu kasuwar Wunti suke zuwa su sayo, mu kuma mu ba su maki muna sane. Yaron da ya iya ɗaurin da ba ya kwancewa, wanda zai iya ci da shi gobe, shi ke komawa gida da 4, ya ɗauka sana'ar ubansa ba ilmi ba ce.

Ran Litinin na shiga aji da bokitin ruwa, na gyara makin a gabansu, na gaya musu kuskuren nawa ne. Yanzu maki 7 na aiki ne, 3 na ado, gashi kuwa sai na kaza ko zabon da aka riga aka yanka. Zango mai zuwa igiya za mu tufka, na kuwa gaya musu da ita za a ja guga a rijiyar makaranta.