Yafe Bashin Sudan: Manomi Ya Biya, Yafiya Ta Tsaya

A watan Yunin 2021, Bankin Duniya da IMF suka shigar da Sudan cikin shirin yafe wa matalautan ƙasashe bashi. A lokacin ana bin ta sama da dala biliyan 50. A watan Yuli, ƙungiyar Paris Club ta amince ta yafe biliyan 14.

Amma da sharaɗi. An karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, aka kuma janye tallafin mai. 'Yan uwanmu manoma a ƙauyukan Jazira da Mai Wurno su suka ji a jika, don kuɗin gas na ban-ruwa da na taki sun tashi.

Sai sojoji suka yi juyin mulki ranar 25 ga Oktoba 2021, aka dakatar da yafiyar. Yaƙi ya biyo baya a Afrilun 2023. Talaka ya cika sharaɗi, bashi kuma yana nan.

Addini ya koya mana a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, yafewa kuma ta fi. Mu dai muna ganin bai dace a hukunta manomi da laifin mai bindiga ba.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.