Gwanjon Sarƙa a Waya: Ba Kowane Kaya Ake Wa "Wa Zai Ƙara" Ba



Mu da yawa a zauren nan alƙalami bai fara ciyar da mu ba. Littafin da aka sa wa naira ɗari biyar, kafin mutum goma su biya an watsa shi kyauta a guruf-guruf. Shi ya sa kusan kowa yana da 'yar sana'arsa a gefe, kuma a cikin 'yan uwanmu mata masu sayar da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro ba su da iyaka. Yanzu kuma yayin gwanjo ya shigo: a ɗora hoton sarƙa ko a buɗe layif a TikTok, a ce an fara daga dubu biyar, ƙarfe tara na dare za a rufe, wadda ta fi tayi ta ɗauka. Mu dai a ganinmu mafi yawan kayan da ake sawa a irin wannan gwanjo bai dace da shi ba, kuma mai ƙaramin jari ita ke kwana ciki.

Mu fara da gwal. Gwal kuɗinsa a bayyane yake. Ana auna shi da giram, ana duba hatiminsa: 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Farashin duniya kuwa kowa na iya dubawa a waya. Oza ɗaya, wato giram 31.1, ta haura dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar. To wace mai hankali ce za ta yi tayin da ya wuce kuɗin da za ta biya in ta shiga wajen 'yan gwal a Kasuwar Rimi, inda za a ɗora mata a sikeli tana kallo? Babu. Ke nan tayi yana da rufin da ba zai wuce ba, amma ƙasa a buɗe take. Ranar da aka ɗauke wuta ko sabis ya yi rauni, mutum uku kacal suka leƙo, sarƙar giram goma sai ta tsaya a kuɗin giram bakwai. Ko dai ki sallama ki yi asara, ko ki ce kin fasa ki zubar da mutuncinki.

Daga nan ɓarna take farawa. Mai kaya ta ga tayi ya tsaya, sai ta sa ƙanwarta ko ƙawarta ta riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashi, kuma hadisi ingantacce ya hana shi tun ba a san waya ba. Gwanjo shi kansa malamai sun halatta shi, maguɗin ne haramun. Ko kamfanin eBay, da ya fara gwanjon intanet tun 1995, yana hukunta wanda ya kama da wannan. A guruf ɗinmu kuwa babu mai kamawa, sai dai mata su gane lambar da kullum take tayi ba ta taɓa saye ba, su yi shiru, su daina zuwa. Ga kuma batun hannu da hannu a cinikin zinare da azurfa. Wadda ta ci gwanjo daren Litinin ta ce sai albashi ya shigo ranar Juma'a, ban da motsin da farashi zai yi kafin nan, akwai hukuncin da ya kamata a kai wa malamai kafin a ɗora hoto.

Kayan fashin da GL ba sai mun daɗe a kansu ba. Abin da ake sarowa dozin-dozin a Sabon Gari, wanda mutum hamsin ke da irinsa a sitatus, gwanjo ba ya ƙara masa daraja. In kwantai ne ake son a rabu da shi a mayar da uwar kuɗi, to wannan babu laifi.

Inda gwanjo yake da amfani shi ne kayan da babu na biyunsa, wanda ko mai shi ba ta san iyakar kuɗinsa ba. Tsohon murjani na gado. Munduwar azurfa irin ta kakanninmu. Sarƙar nan ta Agadas da maƙeran Abzinawa ke zubawa, a fara siffanta ta da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun, don haka kowace da nata zubin. Ko duwatsun gilas na masagan Bida. Irin wannan in mutum biyu suka ƙyalla ido a kai, kuɗin zai je inda mai kaya ba ta zata ba. Sai dai masu irin wannan sha'awar galibi suna Turai da Amurka, kuma hanyar kaiwa gare su ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. PayPal ya shigo Nijeriya a 2014, amma ya shafe shekaru yana barin mu biya ba ya barin mu karɓa. Ga la'adar da shafin zai cira, ga kuɗin aikawa, ga mai saye da ke da damar cewa kaya bai yi daidai da bayani ba a mayar masa da kuɗinsa. Duk wadda ba ta lissafa waɗannan kafin ta sa farashin farawa ba, wa wasu take wa aiki.

Kuma a nan ne sana'armu ta rubutu take shigowa. Mai saye ba za ta taɓa kayan ba, ba za ta ji nauyinsa a tafin hannu ba, abin da aka rubuta kawai take da shi. Amma dubi abin da muke rubutawa: "haɗaɗɗiya ta gani ta faɗa, ba ta kodewa." Wannan kirari ne, kuma irin sa ne ya cika littattafanmu, inda kowace jaruma take sanye da "danƙareriyar sarƙar gwal ta Dubai" ba tare da marubuciyar ta san giram nawa wuyan mutum ke iya ɗauka ba. Bayanin da ke sayar da kaya shi ne mai cewa azurfa ce mai hatimin 925, nauyinta kaza, tsawonta kaza, maƙallin an taɓa gyara shi, akwai ɗan karce a bayan abin wuyan, ga hotonsa a hasken rana. Faɗin aibin nan shi ke sa a yarda da sauran maganar.

Saboda haka aikin wannan mako: kowa ya ɗauko zobe ko 'yan kunne ɗaya da ke ɗakinsa, ya bayyana shi cikin kalmomin da ba su wuce sittin ba, ban da "haɗaɗɗe", ban da "na kece raini", kuma dole a ambaci aibi ɗaya. Za mu duba su tare daren Juma'a in Allah ya kai mu.