Wanda ya tsare ruwa a gidansa, shi ke da aikin kula da shi

In aka ce kwamin ninkaya na cikin gida, wanda ƴan boko ke kira pisin, mutumin Matamai dariya zai yi ya ce wannan zancen manyan otel ne na Yamai. Gaskiyarsa. Kwami matsakaici mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000, wato bido 1,920 irin mai lita 25 da ƴan ga-ruwa ke turowa a kura. A jihar da babban birninta, Damagaram, ya yi suna da wahalar ruwa tun zamanin kakanni, ba wanda zai kawo wa mutane shawarar su gina irin wannan.

Amma ina so mu dubi aikin da mai kwamin nan yake yi da hannunsa, domin ni a ganina aikinmu ne sak, illa dai mu ba mu yarda namu ba ne. Kowace safiya yana kwashe ganye da ƙwarin da suka faɗa ciki. Duk mako yana goge bango da buroshi kafin gansakuka ta kama. Yana da ƴar takardar gwaji da yake tsomawa ya ga ko sinadarin kulorin yana tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ya kuma duba tsamin ruwan, abin da muke koya wa ɗalibai da sunan pH, kada ya fita daga 7.2 zuwa 7.8, don in ya haura kulorin ba ya aiki sosai. Yana rufe ruwan in ba a amfani da shi. A Faransa ma tun 2003 doka ta tilasta wa duk mai kwamin da aka haƙa a ƙasa ya sa masa shinge, ko murfi, ko rumfa mai rufewa, ko ƙararrawa, saboda ƙananan yara. Ba wata gwaninta a ciki. Mutum ne ya san ruwan da ya tsaya wuri ɗaya lalacewa yake yi, ya kuma san in bai duba ba, ba mai zuwa ya duba masa.

To mu fa? Ku leƙa gidajenmu. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tano biyu ko uku ba, ga randuna, ga bidoji. Mai ɗan hali ya gina basan na siminti a tsakar gida ko ya ɗora baƙin tanki bisa soro. Mai gini ya haƙa rami ya cika shi don kwaɓa ƙasa, ginin ya tsaya shekara biyu, ramin na nan buɗe. Masu lambu da masu rake a fadamun Dungu da Kance suna da nasu ramukan ban-ruwa. Sannan ga kududdufan bakin gari, waɗanda mu da kanmu muka haƙa muna ɗibar ƙasar tubali. Duk wannan ruwa ne da aka tsare, kuma kusan duka ba a san wanda ke da alhakinsa ba. Maigida yana ganin zancen ruwa na mata ne, uwargida ta miƙa wa ƴa mace, ita kuwa yarinya mai shekara 11 abin da ta sani ta cika, ba ta wanke ba.

Mu fara da basan ɗin tsakar gida, tunda shi ya fi kama da kwamin da muke magana. Wanda yake da mita 2 a tsaye, mita ɗaya da rabi a kwance, zurfin mita 1, lita 3,000 yake ɗauka. (Malaman lissafi, ga darasin aunin ciki a ƙofar gidan kowane ɗalibi, ba sai an zana akwati a allo ba.) Yawancinmu ba ma bari ya ƙare, ƙari muke yi a kan na jiya, na jiya a kan na shekaranjiya, har a shekara ba a ga gindinsa ba. In ka sa hannu ka shafa bangon ka ji santsi, wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma sabon ruwan famfo da ka zuba, ɗan kulorin da ya zo da shi can zai ƙare, abin da ya rage rana ta cinye. Sauro kuwa daga ƙwai zuwa mai tashi mako ɗaya zuwa kwana goma ya ishe shi a zafinmu. Shi ya sa wankin mako-mako ba tsirfa ba ne, lissafi ne: ka zubar, ka goge, ka katse masa haihuwa kafin ya yi fiffike. Akwai ma wani sabon sauron zazzaɓin cizon sauro da ya ƙetaro daga Asiya, aka fara ganinsa a Jibuti a 2012, aka gan shi a jihar Gombe ta Najeriya a 2020. Shi ba ruwan sama yake jira ba, tankuna da tano na cikin gari ya fi so, rani da damina. Mu da ke kan hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, motoci na kai-komo dare da rana, bai kamata mu ɗauka Gombe nesa take ba.

Na san abin da za a ce: Malam, ruwan da muka saya da kuɗi za mu zubar duk mako? A'a. Ba zubarwa ake yi ba, tsari ake yi. A bar shi ya ja baya ranar Alhamis, sauran a yi wanki da shi ko a ba itatuwa, ranar Juma'a da safe a goge da buroshi da ɗan ruwan jabel, a ɗauraye, sannan a cika. In basan babba ne ba ya yiwuwa duk mako, to a yi masa murfi mai kamawa, a riƙa wankewa duk wata. Murfin nan shi ne rabin aikin, domin yana tare rana, gansakuka kuma ba ta fita sai da haske, yana tare sauro da ƙura da kashin tsuntsu. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: kada a haɗa jabel da wani maganin wanke bayi mai tsami, hayaƙin da ke tashi yana iya shaƙe mutum, musamman in ya sunkuya cikin rami.

Ruwan sha kuwa kada a wahalar da kai da son tsarkake basan gaba ɗaya. A ɗebo na sha a bido mai ƙaramin baki, a sa masa ƙwayar Aquatabs, a jira minti 30. A karanta takardar, don wadda aka fi sayarwa ta lita 20 ce, bidonmu kuwa sau da yawa lita 25 ne. In ruwan gurɓatacce ne a fara kwantar da shi da alam ko dakakken ƴaƴan zogale, a tace da tsabtataccen ƙyalle, domin laka tana cinye ƙarfin magani. Tatar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita iyayenmu mata suka yaƙi kurkunu a ƙauyuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Kwalarar 2021, wadda ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, jihohin Damagaram da Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta nuna mana moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa a randa ta isa ta kwantar da gida.

Baƙin tankin bisa soro ma a tuna da shi. Masu kwamin ruwan ɗumi na shaƙatawa a ƙasashen sanyi sun fi kowa yawan gwaji da sauya ruwa, don ɗumi shi ƙwayoyin cuta ke so. A watan Afrilu da Mayu rana tana yi wa tankinmu wannan ɗumin kyauta, sai dai ba mai hawa ya buɗe ya gani.

Yanzu ga wanda ya fi damuna a matsayina na mai tsayawa gaban aji. Muna rufe lakwal a ƙarshen Yuni, mu dawo Oktoba. Watannin nan uku su ne daidai lokacin da kowane kududdufi ya cika ya batse, yara ba aji, iyaye suna gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ke ci a shekara a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka, ranar kuwa tana faɗowa muna tsakiyar hutu, ba malamin da ke da ɗalibi a gabansa. Ɗan yaye ba sai tafki ba, bokiti ko tano da aka yanke rabi ya ishe shi, saboda kansa yana da nauyi sosai in aka kwatanta da jikinsa, in ya kifa ba ya iya ɗagowa. Kuma ba ya ihu. Uwa tana iya kasancewa a madafa taku goma daga wurin ba ta ji komai ba. In aka ce ƙaddara ce, ba musu, amma murfin basan da ƙofar langa-langa ba su fi ƙarfin mai gidan da ya iya sayen siminti ya gina shi ba.

Manyan yaran kuma, ƴan shekara 8 zuwa 14, bulala ba ta taɓa hana su iyo ba. An dake mu, mun dake su, ba abin da ya sauya sai dai sun koyi zuwa kududdufin da ya fi nisa da idon manya, su shanya wando kafin su dawo. Abin da suke kwasowa can shi ne tsargiya. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji, ko kuma zafin rana. Tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga ƴar ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa a cikinta, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba. Tun 2004 ake raba maganin praziquantel a makarantun Nijar, malamai da yawa cikinmu mun riƙe sandar awon tsayi mun ba yara ƙwaya. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba rigakafi ba ne. Yaron da ya sha yau ya koma tafki gobe, ya sake ɗauka. Ga wani abu da ya kamata kowace uwa ta sani: in dole sai da ruwan tafki za a yi wanka, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu ba katantanwa a ciki, tsutsar ba ta rayuwa fiye da haka.

A Bangladesh, inda ruwa ke cin yara sosai, an kafa dandamalin gora cikin tafkunan ƙauye ana koya wa yara iyo a wuri marar zurfi, babba yana tsaye. Dabarar ta burge ni, amma ba zan ce mu kwafo ta ido rufe ba, tunda namu tafkunan suna da katantanwar da na ambata. Abin da za mu iya ɗauka daga ciki shi ne, su sun yarda yaro zai shiga ruwa, sai suka sa babba a wurin. Mu mun ƙi yarda, shi ya sa ba kowa a bakin kududdufi sai yaran kansu.

Don haka ga abin da nake nema daga ƴan'uwana malamai, kuma ba ya bukatar wata ƙungiyar agaji ko takarda daga Yamai. A makon ƙarshe kafin hutu, kowane aji ya zana taswirar unguwarsa ya sa alama a duk ramin da ke tara ruwa. Yara sun fi mai unguwa sanin su. A kai taswirar taron COGES, a gayyato ƙungiyar iyaye mata da mai unguwa da liman, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: wannan na wa ne? Wanda ke da mai shi, a ce masa ya cike ko ya kewaye da ƙaya. Wanda na gari ne, a kai wa magajin gari, a kuma sa dattijo ko matashi ya riƙa zagawa da hantsi da la'asar. A koya wa yaran cewa in ɗan'uwansu ya nutse kada su faɗa bayansa, su yi kururuwa, su miƙa sanda ko su jefa masa bido marar komai da aka ɗaure bakinsa, yana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. In an fiddo shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi ƙasa ana matsa ciki, a hura masa iska a baki a danna ƙirji, wani ya ruga neman ma'aikacin lafiya. A roƙi majo na asibitin unguwa ya zo ya nuna yadda ake yi, awa ɗaya ta isa.

Ku kuma iyaye maza, wankin basan da hawa duba tanki ba aikin yarinya ba ne, ramin ya fi tsayinta kuma jabel yana ƙona hannu. Wanda yake wanke babur ɗinsa kowace Juma'a kafin masallaci, ya haɗa da wannan, ɗansa namiji na riƙe masa bokiti yana gani.