RA'AYINMU: GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI



Tun daga ƙarshen shekarar 2025 wata magana ta yawaita a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada, har a kasuwannin Getso da Garo, wai Amurka ta tuna da Kiristocin Nijeriya, saboda haka kukanmu ya ƙare. Kowa ya san mafarin maganar. Ranar 31 ga Oktoba, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini. Washegari ya yi barazanar yanke taimako da turo sojoji. Ranar Kirsimeti kuma Amurka ta harba makamai kan 'yan ta'adda a Jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce da haɗin kanta aka yi.

Ba mu ga laifin wanda ya ji daɗi ba. An binne 'yan'uwanmu da yawa a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna, nan gida ma mun san wahalar samun filin gina majami'a da malamin addinin Kirista a makarantar gwamnati. Amma dole mu faɗa wa juna gaskiya. Ra'ayinmu shi ne Nijeriya ta riƙe abota da Amurka amma ta rage jingina da ita, mu ma a ikilisiya mu yi hakan. Ga dalilanmu.

Na farko, wannan jerin sunaye ba yau muka fara shiga cikinsa ba. A Disamba 2020 gwamnatin Trump ta farko ta sa Nijeriya a ciki. A Nuwamba 2021 gwamnatin Joe Biden ta cire ta, ana gab da ziyarar sakataren harkokin wajenta, Antony Blinken, zuwa Abuja. Kisa ya tsaya ne? Ranar 5 ga Yuni, 2022, aka afka wa majami'ar Katolika a Owo ana cikin sujada, aka kashe mutane kusan 40. Halin da ake ciki a nan bai sake ba, mai mulki a can ne ya sake. Za su sake zaɓen shugaban ƙasa a 2028, kuma babu mai ƙuri'a a cikinmu.

Na biyu, batun magani. Shekara da shekaru Amurka tana biyan wani babban kaso na maganin rage kaifin cutar ƙanjamau ta shirin PEPFAR da aka kafa a 2003, da gidan sauro, da maganin tarin fuka, da abincin yara masu tamowa. A 2023 kaɗai ta kashe fiye da dala miliyan 600 a kan lafiya a Nijeriya. Wannan alheri ne, wanda ya ƙi gode masa ya yi butulci. Amma ranar 20 ga Janairu, 2025, da sa hannu guda aka dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90, zuwa 1 ga Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. Babu wanda ya nemi shawarar mai jinya a ƙauye kafin a yi haka. Sai ga majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin cike giɓi. Ashe ana iya samo kuɗin? Tun a Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ta daɗe ba ta kai ko rabin wannan ba, domin ta saba wani na biya mata.

Wani zai ce ai a Disamba 2025 an ƙulla sabuwar yarjejeniyar lafiya ta shekara 5, wadda Amurka za ta ba da kusan dala biliyan 2.1 a ƙarƙashinta, har an ba asibitocin Kirista muhimmanci a ciki. Haka ne, a karɓa a yi aiki da ita da riƙon amana. Sai dai Amurka da kanta ta bayyana cewa tana da ikon dakatar da duk shirin da ta ga bai dace da muradunta ba. Wanda ya faɗa maka haka bai yaudare ka ba, idan ka miƙe ƙafa kai ka yaudari kanka.

Na uku, batun tsaro. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, Amurka ta hana a sayar wa Nijeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, bisa zargin sojojinmu da take haƙƙin ɗan Adam. Jiragen Super Tucano 12 da muka biya da kuɗinmu, sai a 2021 suka iso. Ba mu kaɗai ba ne. Gwamnatin Afganistan ta jingina da sojojin Amurka shekara 20, da suka janye a Agusta 2021 ta faɗi tun kafin su gama fita. Ƙasashen Turai ma, manyan aminanta, sun amince a taron NATO na Yuni 2025 su ƙara kuɗin da suke kashewa a kan tsaron kansu ƙwarai. Idan masu ƙarfi suna shafa wa gemunsu ruwa, ina ga mu?

A nan mu yi hattara, sauya ubangida ba shi ne cin gashin kai ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023, ta sallami na Amurka daga Agadez a 2024, ta karɓi na Rasha, amma hare-hare a yankin Tillaberi ba su tsaya ba. Kayan aro ba ya rufe katara, ko daga hannun wa aka aro shi.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu. Mu ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Hausawa ne mu, a nan aka binne kakanninmu, da yawanmu kawu ko gwaggo ko suruki Musulmi ne. Idan muka riƙa bugun ƙirji da Amurka, mun ba masu son rarraba mu hujjar kiranmu 'yan koren Turawa, ranar da iska ta juya kuwa mu za a bari a fili. Da 'yan bindiga suka ƙetaro daga Katsina suka afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, akasarin waɗanda abin ya shafa Musulmi ne, kuma Shanono iyaka muka haɗa da ita. Idan aka ji harbi da tsakar dare, wanda zai fara jin kururuwarka maƙwabcinka ne, da mai unguwa da 'yan sintiri.

Tsofaffinmu sun taɓa ganin irin wannan. Turawan mishan na SIM sun yi aiki a ƙasar Kano, har da Kabo, suka gina makarantu da ɗakunan shan magani. Aka kafa ECWA a 1954, a 1976 kuma mishan ta miƙa mata ragamar aiki. Wasu sun zaci aiki zai mutu. Bai mutu ba, domin iyayenmu sun riƙe shi da damin dawa da gyaɗa da baikon Zumuntar Mata.

To, mene ne abin yi? Ga gwamnatin tarayya da ta jiha, muna kira su sa kuɗin magani da gidan sauro cikin kasafi kuma su sake shi a kan lokaci, su ƙarfafa masana'antun magani na gida, su ƙara jami'an tsaro a iyakarmu da Katsina, su hukunta mai kisa ko wane ne shi. Gwamnatin da ta kare kowane ɗan ƙasa ba ta barin ƙofar da baƙo zai shigo yana cewa ya zo ceton wani.

Ga ikilisiyoyinmu kuma, kowace majalisar dattawa ta zauna ta rubuta ayyukan da ke tafiya da kuɗin waje, ta tambayi kanta wata nawa za su yi idan aka yanke gobe. A buɗe asusun marasa lafiya, a ware masa kaso daga godiyar kaka. A tura 'ya'yanmu maza da mata karatun aikin jinya da unguwarzoma. Matasanmu su shiga sintiri tare da sauran matasan gari bisa doka. Fastoci da dattawa su riƙa ziyartar hakimi da dagaci da liman tun kafin wata matsala ta taso. Kowa kuma ya mallaki katin zaɓe, domin shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa su ne za mu iya tsayawa gabansu mu nemi haƙƙinmu.

Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba ƙasarmu salama, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.