JARI YA TAFI IKKO, TALAKAN BAGAUDA FA?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, ku saurara.

Akwai wasu kamfanoni da ake kira masu jarin kasada. Ba rance suke bayarwa ba, balle su nemi jingina ko kuɗin ruwa. Sai su duba saurayi mai sabuwar dabara, su zuba masa kuɗi, su karɓi kaso cikin sana'ar. In an ci riba a raba, in an faɗi kowa ya ɗauki hasararsa. Da irin wannan jari Paystack na Ikko ya tashi, har Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200.

To, wai wannan baƙon abu ne gare mu? Ina! Alhassan Dantata ɗan Bebeji ne. Ya yi fataucin goro, ya shiga cinikin gyaɗa, ya riƙa ba yaransa jari bisa amana, ba takardar gida ba. Ya rasu a 1955, yaransa da yawa sun zama attajirai.

Yau fa? An gama madatsar Tiga tun 1974, ga ruwa rani da damina. Ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa, ga tumatir yana ruɓewa a kwando lokacin kaka. Amma yaron Kiru da ke son kafa injin casa, in ya je banki sai a ce ina takardar fili. Wanda ya gaji gona a ƙauye, ina ya ga takarda? Aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanoni a 2022. Ku tambaya a kasuwar Kwanar Dangora, wa ya gani a ƙasa?

Mai jari ba ya zuwa inda babu wuta, babu hanya, babu kotun da za ta raba gardama da sauri. Wannan aikin mahukunta ne, kuma sun gaza.

Abin da muke nema ke nan: gwamnatin Kano ta kafa asusun jari na raba riba da hasara, 'yan kasuwa su zauna cikin masu kula da shi, a karanta lissafinsa a fili kowace shekara, kada ya zama rabon 'yan lele. Mu ma kada mu zauna jira. Masu adashi su haɗa ƙarfi su ɗaga yaro ɗaya mai amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai neman ƙuri'a in ya zo, ku tambaye shi: ina jarinmu? Allah Ya ba talaka sawaba.