Mota Mai Makulli Ɗaya Rabin Mota Ce

Duk wanda ya taɓa zagaya kasuwar motoci ta Berger a nan Ikko, ko wuraren da ake jera motocin tokumbo a Badun da Kaduna da Kano, ya san yadda cinikin tsohuwar Marsandi yake tafiya. Mai saye zai sa a buɗe masa inji ya saurari kukansa, ya kunna na'urar sanyi, ya shafa kujeru, ya daki taya da ƙafa. Sa'an nan a yi ta ja-in-ja har a sallama. A ƙarshe dillali ya sa hannu aljihu ya miƙo makulli guda ɗaya tak, mai saye kuwa ya karɓa yana murna, bai ko tambayi ina ɗan'uwansa ba. A ganina wannan ganganci ne babba, kuma lokaci ya yi da za a daina shi. Mota mai makulli ɗaya ba ta cika ba, don haka bai kamata a biya mata kuɗin cikakkiyar mota ba.

Babu sabuwar motar da kamfani ke miƙa wa mai ita da makulli ɗaya. To, in motar ta iso hannunka da guda, ɗayan yana wani wuri. Wataƙila yana cikin durowar wata tsohuwa a Jamus, wannan da sauƙi. Wataƙila ya ɓata a tashar jirgin ruwa ta Tin Can ko a Kwatano. Wataƙila kuma yana aljihun wani wanda ya san gidanka, ya san inda kake ajiye mota in ka shiga masallacin Juma'a. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bari mu ɗauki batun daki-daki, domin matsalar tsohuwar Marsandi ba iri ɗaya ba ce, ta danganta da zamanin da aka ƙera ta.

Na farko akwai masu makullin ƙarfe zalla, irin W123 da aka yi daga 1976 zuwa 1986, wadda aka ƙera kimanin miliyan 2.7, da W124 da ta fito a 1984, wadda kowa a ƙasar nan ya sani da sunan V-Boot. Makullin waɗannan yana cinyewa da shekaru, haka ma 'yan ƙananan ƙarafan da ke cikin gidan makullin. Abin da ke gaggauta lalacewar kuwa mu ne da kanmu. Za ka ga Alhaji ya haɗa makullin mota da na shago da na sito da na ƙofar gida a zobe ɗaya, nauyinsu duka yana rataye a gidan makulli, yana lilo a kan ramukan hanya. Bugu da ƙari, in makulli ya tsufa sai a kai shi bakin kasuwa a yanko wani daga jikinsa. Mai yankan ba ya da laifi, amma injinsa abin da ya gani shi yake kwafa, watau sabon makulli ya fito da duk cinyewar tsohon.

Gidan makullin tayar da mota yana yin gargaɗi kafin ya mutu. Yau ya ɗan cije, gobe sai an jijjiga sitiyari, jibi sai an yi ta lallaɓa shi. Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, a waɗannan motoci ba a iya zare gidan makullin sai an murɗa makulli zuwa matakin farko. Muddin yana juyawa, aikin na ɗan lokaci kaɗan ne. Ranar da ya ƙi juyawa kuwa, sitiyari ya kulle, sai an kawo abin huda ƙarfe da zarto a yi ta fama da taurin ƙarfen da aka yi musamman don ya gagari ɓarawo. Aikin da rabin sa'a zai isa ya koma na yini guda, kuɗinsa ya ninka. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu akwai batun ƙofofi. Marsandi ta daɗe tana kulle ƙofofinta da iska, ba da wutar lantarki kai tsaye ba. A W123 inji ne ke zuƙe iska ta wasu siraran tiyo masu ruwan ɗorawa, in direba ya murɗa makulli a ƙofarsa sai sauran ƙofofi da but da murfin tankin mai su kulle gaba ɗaya. Cikin kowace ƙofa akwai 'yar roba mai motsawa da ƙarfin iskar. Roba kuwa ba ta son zafi, ga shi ta yi shekara 40 tana shan rana. Da zarar ɗaya ta tsage, ko tiyo ya fashe a daidai mahaɗin ƙofa inda yake lanƙwasa kullum, sai ka ga ƙofa uku sun kulle ɗaya ta ƙi, ko a je gidan mai murfin tanki ya ƙi buɗuwa. Abin mamaki ma, a masu shan man gas iskar nan ce ke kashe inji. Saboda haka mutum zai zare makulli ya riƙe a hannu, mota na ta kuka, sai ya buɗe gaba ya danna ɗan ƙarfen da aka tanada a jikin inji domin irin wannan rana. Da yawa an tuhumi inji, an kwance abin da lafiyarsa lau, alhali kuwa cutar tana cikin ƙofar baya.

Daga V-Boot zuwa gaba sai aka sa ɗan famfon lantarki yana hura iskar yana kuma zuƙe ta. A V-Boot da W210 yana ƙarƙashin kujerar baya, a babbar nan W220 yana cikin but. Wurare ne da ruwa ke taruwa, kuma mazauna Ikko ba sai an gaya musu abin da damina ke yi wa titunan Lekki da Apapa ba. Amma ko a nan ma, sau da yawa famfon ba shi ne asalin ciwon ba. Tiyo ne ke yoyo, famfo ya yi ta aiki fiye da ƙima har ya gaji. Mai mota ya tafi Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa ya sayo wani, a ɗaura, bayan 'yan watanni shi ma ya bi na farko. Makaniken kirki yana gwada kowane tiyo ɗaya bayan ɗaya da ɗan famfon hannu kafin ya ce a sayo wani abu. Wanda ya ce maka a canja famfo tun bai gwada ba, kuɗinka yake gwadawa.

Na uku, kuma mafi tsada, shi ne makullin zamani. A 1997 Marsandi ta fito da makullin roba wanda ba shi da haƙora, ana cusa shi a rami ya yi magana da kwamfutar mota ta hanyar wani haske da ido ba ya gani. Ƙasashen Turai ne suka matsa a kan irin wannan tsaro: Jamus ta wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci daga Janairun 1998, Ingila ta bi baya a Oktoban shekarar. Wannan makulli ba a yanka shi a bakin kasuwa. Na wata motar ba ya tayar da taka ko da ƙirarsu ɗaya, shekararsu ɗaya. Motar tana da gurbin makulli 8, kuma ana iya soke wanda ya ɓata don kada ya sake tayar da ita. Ga dama nan an ba mai mota, amma mutum nawa ne cikin masu sayen tokumbo suka taɓa sa a soke makullin da ba su gani ba?

Cikin makullin robar nan akwai ɗan siririn ƙarfe da ake zarowa. Shi ne na buɗe ƙofa ranar da batirin mota ya mutu. A motocin tokumbo sau da yawa babu shi, ko kuwa akwai shi amma ba na motar ba ne, an sa shi don cika ido. Ko da nata ne, kubar ƙofar ta yi shekara 15 ba a murɗa ta ba, ƙurar hunturu ta cika ta, ta daskare. To, ga batir a cikin but ko ƙarƙashin kujerar baya, ga ƙofofi a kulle, ga ƙarfen ba ya juyawa. Daga nan sai a kira mai waya da sukundireba, ko a fasa gilashi. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a murɗa kubar da ƙarfen sau ɗaya a wata, a hura mata busasshen garin nan da ake sayarwa domin kuba. Kada a ɗura mata baƙin mai, domin mai ƙura yake tarawa.

Na san abin da mai karatu zai ce. Zai ce, Malam, ka san kuɗin makulli kuwa? Gaskiya ne, da tsada. Kamfanin ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 manyan motoci da bas-bas ne aikinsa, ƙananan Marsandi daga waje suke zuwa, haka makullansu na asali. Ana yin odarsu da lambar jikin mota, a biya da kuɗin da ke bin farashin dala. Naira kuwa ta faɗi daga wajen 460 a kan dala ɗaya a watan Mayun 2023 zuwa fiye da 1,500 a Fabrairun 2024. Amma wannan hujja tawa ce, ba ta mai ƙorafi ba. In makulli na biyu yana da tsada haka, don me za a yafe wa mai sayarwa shi? Kuma yin makulli na biyu alhali na farko yana hannu ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba a kan ranar da babu ko ɗaya, ga kuɗin janwe, ga kwanakin da mota za ta yi a ajiye. Wanda ya iya sayen Marsandi ya kasa yi mata makulli, lalle ganin kitse ya yi wa rogo.

Wasu kuma suna kuka da cewa wakilan kamfani ba su ba da makulli sai an kawo takardun mota da shaidar mai ita. A nan ba na tare da masu kukan. Da za a ba duk wanda ya zo da lambar mota makulli, da babu Marsandin da za ta kwana a ƙofar gida, domin lambar nan kowane yaron wankin mota yana iya kwafe ta. Abin da ya kamata a yi kuka da shi shi ne rashin irin wannan ƙa'ida a sauran wurare. Yau akwai samari masu basira a Ikko da Abuja da Kano da ke da na'urar karanta kwamfutar mota su haɗa sabon makulli, sun kuwa ceci mutane da yawa. Amma na'urar ba ta san mai mota ba, ba ta san ɓarawo ba. Wanda ke riƙe da ita ne ya kamata ya sani.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Ta farko ga mai saye: ka nemi makulli biyu, ka tayar da mota da kowannensu, ka buɗe ƙofar direba da but da ƙarfen hannu a gaban dillali. In ɗaya ne, a cire kuɗin na biyu daga ciniki, a rubuta a rasit. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ta biyu ga ƙungiyoyin dillalan motoci: su sa adadin makulli ya zama abin da ake rubutawa a takardar sayarwa kamar lambar inji. Ta uku ga masu haɗa makulli: su yi ƙungiya, su ajiye littafi, kada su taɓa mota sai sun ga takardu sun rubuta sunan wanda ya kawo aiki. Wannan kariya ce gare su ranar da 'yan sanda suka zo tambaya. Ta huɗu ga hukumomin makarantun koyon sana'a: motocin da suka cika titunanmu na kwamfuta ne, bai kamata a ci gaba da yaye yara da guduma da kurfi kaɗai ba.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Ina motar da makullinta ya ɓata, ko kubarta ta lalace, take ƙarewa? A tsakar gida ko bakin layi, tayoyi a sace, ana cewa sai an sami kuɗi. Yara kuwa ba su da wurin wasa da ya fi ta. A watan Disamban 2021 an sami gawawwakin yara 8 cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry na Jihar Legas. Motar da ke buɗuwa daga waje ta ƙi buɗuwa daga ciki, a rana irin tamu, tarko ce. Duk mai irin wannan mota a gida, ya gyara ta, ko ya sayar, ko ya tabbata babu yaron da zai iya shiga. Maƙwabta da masu unguwa su ma suna da hakkin yin magana, kada a yi kara a kan abin da ya shafi rai.

Tsohuwar Marsandi mota ce mai ƙarko, shi ya sa har yau V-Boot ke kan titi bayan sa'o'inta da yawa sun koma tukwane. Amma ƙarkonta ba zai amfane ka ba in kana tsaye a waje kana leƙen ta ta gilashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mu, Ya kiyaye 'ya'yanmu da dukiyoyinmu, amin.